An rubuta wa tsohuwa maganin farfaɗiya, ita kuwa ƙafa ce ke hana ta barci

Maman Zainab, Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah wanda ya san harkar magani ya taimaka mini. Mahaifiyata ta daɗe tana fama da ciwon suga, to tun bara tafin ƙafafunta suka fara ci da wuta da dare. Da rana da sauƙi, amma da zarar ta kwanta, ko zanen rufa ba ta so ya taɓa mata yatsu. Sai ta tashi ta tsoma ƙafa a bokitin ruwan sanyi, wani lokaci har kiran assalatu. Mun kai ta asibiti, likita ya rubuta mata gabapentin, ya ce ta fara da ɗaya da dare. Muna dawowa gida ƙanina ya zaro takardar cikin kwalin ya karanta, ya ce ai wannan maganin farfaɗiya ne. A gabanta ya faɗa. Yanzu ta kafe, ta ce ita ba ta taɓa faɗuwa ba, babu mai wannan ciwo a danginsu, kada a jawo mata abin da ba ta da shi. Kwalin yana nan kan firij ba a taɓa ba. Kuskure likitan ya yi ne?

Mai Famasi, Asawase: Wa alaikumus salam. Babu kuskure, 'yar'uwa. Ƙaninki ya karanta daidai, sai dai bai kai ƙarshen takardar ba. Gaskiya ne don farfaɗiya aka fara fitar da shi, a Amurka a 1993, da sunan Neurontin. Daga baya aka ga yana kwantar da ciwon da ke tasowa daga jijiyar da ta lalace, a 2002 aka amince da shi ga zogin da ananse, ciwon ƙuraje masu zafi da ke fesowa a gefe ɗaya na jiki, ke bari bayan ƙurajen sun bushe. Ƙaninsa pregabalin, wanda aka fi sani da Lyrica, a 2004 ya fito. Yau ni a kantina, yawancin masu zuwa da takardar waɗannan biyun masu ciwon suga ne da masu ciwon jijiya.

Abin da ya haɗa cututtukan biyu shi ne jijiya tana aika saƙo ba a aike ta ba. Idan suga ya daɗe yana sama, yana cin siraran jijiyoyin ƙafa, su zama kamar wayar lantarki da robarta ta fere, tana tartsatsi ko ba a kunna komai ba. Ƙafar Mma ba ta ji rauni ba, amma ƙwaƙwalwa tana samun labarin ƙuna. A farfaɗiya kuwa a cikin ƙwaƙwalwar ne abin ke faruwa. Maganin yana rage yawan saƙon da jijiya ke fitarwa, shi ya sa yake aiki nan da can. Shan sa ba ya jawo wa mutum farfaɗiya.

Hajiya Mai Waakye, Alabar: Ni ma shi nake sha shekara biyu ke nan. Ki ce wa Mma 'yar'uwarta a ciwo tana gaishe ta. Amma fa ku yi haƙuri da shi, ba irin su parasitamol ba ne da za a sha yanzu a ji daɗi an jima. Ni sai da aka ƙara mini a hankali kafin na ga haske. Kuma bai kashe ciwon duka ba, ya dai rage shi har ina samun barci, ina tashi ƙarfe uku in ɗora tukunya.

Mai Famasi, Asawase: Hajiya ta faɗi abin da ba kowa ke son ji ba. Wasu yana musu aiki sosai, wasu kaɗan, wasu ko alama. Idan an yi makonni ana ƙarawa babu canji, ba a zauna ana ta sha ba, komawa ake yi wurin likita. Akwai amitriptyline, tsohon magani ne mai arha, akwai duloxetine. Kowanne da wanda ya dace da shi.

Nas ɗin Sawaba: Maman Zainab, ni bokitin nan ne ya tsaya mini a rai. Ku raba ta da shi. Ƙafar mai suga idan ta daɗe a ruwa fata tana laushi, ta tsage, ƙwayar cuta ta samu ƙofa. Ruwan zafi kuwa ya fi muni, domin ƙafar da ke zogi ita ce kuma ba ta jin ƙuna yadda ya kamata. Na ga dattijon da ya ƙona diddige da ruwan gashi bai sani ba sai da ya ga fata ta ɗaye. Kullum da yamma wani ya duba mata tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Bayan alwala ta goge tsakanin yatsun su bushe. Kada ta fita tsakar gida ba takalmi.

Sai batun jiri. Makon farko maganin nan yana sa jiri da barci, musamman ga tsofaffi. Gidajenmu kuwa kin sani, bayi yana can ƙarshen tsakar gida, ga kwata, ga dandamali. Idan ta sha da dare, a aje mata fo a ɗaki ko wani ya raka ta, a bar fitila a kunne. Karayar ƙugu ga tsohuwa ta fi ciwon ƙafar nan wahala.

Tambaya ɗaya: an yi mata gwajin ƙoda?

Maman Zainab, Aboabo: An ɗebi jini, amma ban san ko na ƙoda ba ne. Me ya haɗa ƙoda da ƙafa kuma?

Nas ɗin Sawaba: Ƙoda ce ke fitar da maganin daga jiki ta fitsari, hanta ba ta sarrafa shi. Ciwon suga kuwa yana raunana ƙoda a ɓoye. Idan ƙoda ta yi rauni aka ba mutum adadin mai lafiya, maganin zai taru masa, ki ga tsohuwa tana layi, tana barci da rana tsaka, tana rikicewar magana, a ce tsufa ne ko an yi mata wani abu. Wataƙila shi ya sa likitan ya fara mata da kaɗan. Ki tambaye shi kai tsaye. Idan kuma maganin suga metformin take sha tun da daɗewa, ki roƙa a duba mata bitamin B12, don yana rage shi, ƙarancinsa ma yana kawo irin wannan zogi.

Ɗan Alabar: Ku gafarce ni, ni dai ba na son jin sunan ƙwayoyin nan. Kuna ta yabon su, mu da ke zama da samari mun san abin da muke gani. Aka yi fama da tramol, a 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin ta tsaurara kan tramol, muka ce Alhamdu lillahi. Sai ga wata ƙwayar maye da ake kira Red ta shigo. Yanzu yaran da suka dawo daga Libiya sun zo da sabon ilimi, Lyrica suke nema. Yaro ya haɗiye guda nawa, ya kora da lemon ƙarin kuzari, ka same shi a bakin kwata idonsa rabi a buɗe, kana masa magana yana kallon bayanka. Da ni ne mai iko, hana shigo da shi zan yi baki ɗaya.

Hajiya Mai Waakye, Alabar: To ɗana, idan ka hana, ni in yi yaya? Ka zo ka kwana da ƙafata dare ɗaya tukuna.

Ɗan Alabar: Allah ya huci zuciyarki Hajiya, ba da ke nake ba. Amma daga ina yaran suke samu? Ba daga sama yake faɗowa ba.

Mai Famasi, Asawase: Tambayarka tana kan hanya, kuma ba zan kare 'yan sana'armu duka ba. Doka a fili take: wannan magani sai da takardar likita, kuma masu ƙananan kantunan kemis ba su da izinin sayar da shi ko da takardar. Wanda ya miƙa wa yaro saboda kuɗi, ya san abin da ya yi. Matsalar kuma ba tamu kaɗai ba ce. Ingila ta sa gabapentin da pregabalin cikin magungunan da ake tsananta wa tsaro tun watan Afrilun 2019, saboda mace-macen da aka gani. A ƙarshen shekarar hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa suna iya danne numfashi, musamman idan aka haɗa da irin su tramol da kodin, ko maganin barci, ko ga mai ciwon huhu da tsofaffi. Giya ma haka. Yaron da kake gani a bakin kwata, haɗin ne ke iya kashe shi yana barci. Idan ka ga numfashinsa ya yi ƙasa, leɓe ya canza launi, ana girgiza shi ba ya farkawa, ba maganar watsa masa ruwa ba ce, ka kira lambar gaggawa 112 ko a sa shi a mota.

Amma hanawa gaba ɗaya ban yarda ba. Wanda zai sha wahala shi ne mai takarda, mai bin layi. Mai neman maye zai samu ta bayan gida kamar yadda yake samun sauran.

Wata hanya da yake fita kuwa, daga ɗakunan iyayenmu ne. Jika ya san inda kaka ke aje magani. Maman Zainab, saman firij ba wurin ajiyarsa ba ne.

Ɗan Jamus: Ina bin ku daga Hamburg. Ni shakkata daban ce. Kamfanin da ya yi Neurontin ya biya dala miliyan 430 a Amurka a 2004, saboda ya riƙa tallata shi ga cututtukan da ba a amince a yi amfani da shi a kansu ba. Tun daga nan duk wanda ya ce wayyo bayana, wayyo wuyana, sai a miƙa masa. Ba kasuwanci ba ne kawai?

Mai Famasi, Asawase: Labarin tarar gaskiya ne. Kuma na yarda ana rubuta shi fiye da kima. Ga ciwon jijiyar masu suga da zogin bayan ananse akwai hujja mai ƙarfi. Ga ciwon baya na yau da kullum, na mai ɗaukar kaya a kasuwar Kejetia ko mai wuni a kan keken ɗinki, babu. Ko ciwon da ke sauka daga ƙugu zuwa ƙafa, an gwada pregabalin a Ostireliya, sakamakon ya fito a 2017, bai fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba, sai dai ya fi ta sa jiri.

Mai Pragya, Sawaba: Subhanallahi. Wannan ciwon ne da ni, daga ƙugu yake tsargawa har agara. Wani abokin aikina ya ba ni guda biyu cikin nasa, an rubuta 150 a jiki. Na sha ɗaya da safe na fita. Ina kaiwa shataletalen filin jirgi na ji titi yana karkacewa, fasinja tana ce mini malam lafiya? Gefe na samu na tsaya, na sauke su ban karɓi kuɗi ba. Ɗayar tana aljihuna har yanzu.

Nas ɗin Sawaba: Allah ya tsare, ya tsare waɗanda ka ɗauko. Kai wa famasi ita su zubar. Abokinka jikinsa ya saba, a hankali aka kai shi wannan adadin. Kai kuwa ka faɗa a tsakiya, ka hau titi. Ko wanda likita ya rubuta wa, ana ce masa kada ya yi tuƙi sai ya ga yadda jikinsa ya karɓa. Je ka a duba bayan. Idan ka ji ƙafar tana rasa ƙarfi, ko fitsari ya fara kufce maka, ko tsakanin cinyoyi ya sage, ranar za ka tafi Gee, babban asibitin Kumasi, ba gobe ba.

Ummu Abdul, Moshie Zongo: Na yi shiru tun ɗazu, amma abin yana cina. Ban ga laifin Mma ba, haka aka rene mu duka. Sai dai ku duba, mutum ya gwammace ya kwana ƙafa a bokiti da a ce ya sha abin da masu farfaɗiya ke sha. To mu da ciwon yake gidanmu fa? Ɗana yana da shekara 14, tun yana ɗan bakwai yake da ita. Ranar da ta fara kama shi a makaranta, yara suka watse, wai kada yawunsa ya taɓa su. Wani babba da ya zo taimako ya tura masa cokali a baki, haƙorinsa na gaba ya ɓalle, har yau gurbin yana nan. Wata maƙwabciya ta hana 'ya'yanta cin abinci kwano ɗaya da shi. Yanzu yana shan carbamazepine safe da dare, rabonsa da faɗuwa an fi shekara biyu, yana zuwa makaranta, yana hadda. Amma har gobe idan zan karɓo maganin, cikin jaka nake cusa shi kada a gani.

Maman Zainab, Aboabo: Yaya, ki yafe mana. Allah ya ƙara masa lafiya, ya raya miki shi.

Baba Tela, Yalwa: Allah ya ba yaro lafiya. Amma 'ya'yana, mu da muka ga jiya, ba kowace faɗuwa ce ta asibiti ba. Akwai ta iska. Na ga wanda aka yi wa ruƙiya ya tashi garau. Kada boko ya sa mu watsar da namu.

Malam Mai Allo, Aboabo: Baba, Allah ya ƙara girma. Babu mai hana addu'a, ni kaina ina yi wa yara tofi. Inda nake tsayawa shi ne malamin da zai ce a aje maganin asibiti sai an gama nasa. Wannan ba ya cikin abin da muka karanta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani. Kuma hadisin matar nan yana cikin Bukhari da Muslim: ta zo ta ce tana faɗuwa, jikinta yana buɗewa, ta nemi addu'a. Aka ba ta zaɓi, ta zaɓi haƙuri da Aljanna, ta roƙi a yi mata addu'a kada ta riƙa buɗewa. Ibn Abbas da kansa yake nuna ta yana cewa ga mace 'yar Aljanna. Ba a guje ta ba, ba a ware mata kwano ba. Ummu Abdul, ki daina ɓoye maganin nan.

Baba Tela, Yalwa: Allah gafarta Malam, na ji. Amma wanda na gani ɗin fa?

Nas ɗin Sawaba: Baba, farfaɗiya da kanta take sakin mutum, yawanci cikin minti ɗaya zuwa biyu. Duk abin da ake yi masa a lokacin, shi za a ce ya tashe shi, ko tofi ne, ko albasa, ko hayaƙi. Abin dubawa shi ne ta dawo ko ba ta dawo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da ita a duniya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan sun samu magani daidai. Ba a ɗaukarta ta yawu, ba a ɗaukarta ta kwano.

Tunda an zo nan, idan ta kama wani a gabanku: a janye shi daga wuta, ruwa da titi, a sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kada a danne shi, kada a sa masa komai a baki, ba cokali, ba yatsa, ba ruwa. Mutum ba ya haɗiye harshensa. Idan jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta ta gefe. A duba agogo. Ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko mai ciki ce, asibiti nan take. A kuma rufa masa jiki, a kori masu ɗaukar bidiyo.

Mai Famasi, Asawase: Ƙari a kan maganar Malam. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yankewa farat ɗaya. Mai farfaɗiya ya ga wata shida lafiya, ya ce ya warke, ko kuɗi ya yanke, ko an ce masa ya aje. Nan ne take dawowa da ƙarfi, wani lokaci ta ƙi saki. Ko mai shan gabapentin don ƙafa, idan ya daɗe a kai ba ya tsayawa rana ɗaya. Zai ji rashin barci, zufa, fargaba, tashin zuciya. A hankali ake saukowa, aƙalla mako guda, da sanin likita.

Kuma ga mata: maganin farfaɗiya valproate yana iya cutar da jariri a ciki ƙwarai, carbamazepine kuma yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa. Yarinyar da ke shan ɗayansu, kafin a sa ranar aure a koma wurin likita. Idan ciki ya riga ya shiga kada ta yanke da kanta, ta je a duba.

Hajiya Mai Waakye, Alabar: Wani abu da ba a faɗa ba, yana sa ƙiba da kumburin ƙafa. Ni zobena ya daina shiga. Da na yi ƙorafi aka rage mini na rana. Ga tsada kuma, mai suna da maras suna ba kuɗinsu ɗaya ba.

Mai Famasi, Asawase: Sinadarin ɗaya ne Hajiya, ki dai duba lambar rajistar FDA, hukumar abinci da magunguna ta Ghana, a kwalin, ki saya a famasi, ba a tire ko cikin mota ba. Idan kuma kina shan farin maganin ƙwannafi mai kauri, ki ba da tazarar sa'a 2 kafin gabapentin, don yana hana shi shiga jiki sosai.

Ummu Abdul, Moshie Zongo: Tunda ga malami ga masu asibiti a wuri ɗaya. Yaron ya dage bana sai ya yi azumi, ya ce duk sa'o'insa suna yi. Maganinsa sau biyu ne. In mayar masa sahur da buɗa-baki?

Malam Mai Allo, Aboabo: Ta fuskar shari'a, aya ta ba maras lafiya rangwame, a Baƙara take. Idan likita amintacce ya ce azumi zai tayar masa da ciwon, ya sha, babu zunubi a kansa. Idan ya ce zai iya, Bismillah. Ki turo mini shi bayan la'asar in yi masa bayani, yaro ya fi jin ta bakin malaminsa.

Nas ɗin Sawaba: Kada ki canza lokacin da kanki, Yaya. Azuminmu a nan sa'a 13 ne da ɗoriya, to tazarar ba za ta zo daidai da yadda ya saba ba. Masu sha sau biyu sau da yawa ana iya daidaita musu, wani lokaci a mayar da su kan nau'in da ke narkewa a hankali. Masu shan gabapentin sau uku don farfaɗiya su ne abin ya fi wa wuya, domin ba a so tazara ta wuce sa'a 12. Kuma ba yunwa kaɗai ba ce abin tsoro, rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita, ga tahajjud, ga tashin sahur, ga makaranta da safe. Ki je asibiti tun a Sha'aban, wata guda kafin a ga wata, don idan za a canza masa wani abu a gwada tun yana ci yana sha.